SHAWARA ƊAUKAR ƊAKI: Ƙuri'ar salula ba ta zama taron gari ba

Kaka ta yi. A ƙasar Cake an yanke hatsi, ana ɗaure damma ana kai su rumbu. Wake bai gama bushewa ba a wasu gonaki. Makiyaya kuma sun fara gangarowa daga arewa, don tabkuna sun soma ƙafewa. Tambayar da ke bakin kowa ita ce: yaushe za a saki gonaki?

A da, a ƙofar maigari ake yin wannan magana. Yanzu ta shiga salula. Garuruwa da yawa suna da zaure a cikin WhatsApp, inda ƴan gari da ƴan ci-rani suke haɗuwa. A nan ake sanar da suna da rasuwa da kuɗin hatsi a kasuwa. A nan kuma aka fara jefa ƙuri'a. Filin wannan wata zai bayyana amfanin wannan ƙuri'a da iyakar amfaninta.

Mece ce ƙuri'ar zaure?

A watan Nuwamba na 2022 kamfanin WhatsApp ya ƙaro wata dabara. Mutum yana rubuta tambaya, ya jera amsoshi a ƙarƙashinta, daga 2 har zuwa 12. Kowane ɗan zaure sai ya taɓa amsar da yake so. Salula ce take yin lissafi da kanta. A wayar da aka saita da Faransanci, sunan abin sondage.

Dabarar tana da amfani. Ba a biyan kuɗin mota. Ba a barin aiki don zaman taro. Wanda yake Kano ko Agadas ko Libiya yana iya ba da amsa nan take. Idan tambayar ita ce ranar da za a yi gayyar yashe rijiya, ko nawa kowane ɗan ci-rani zai bayar don gyaran lakwal, ƙuri'ar tana sauƙaƙa aiki ƙwarai.

Amma akwai abubuwa uku da ya kamata kowa ya sani. Na ɗaya, ƙuri'ar ba ta sirri ba ce. Kowa a zaure yana iya ganin abin da wane ya zaɓa. Na biyu, lambar waya ake ƙidayawa, ba mutum ba. Mai lamba biyu a zaure yana da ƙuri'a biyu, marar waya ba shi da ko ɗaya. Na uku, a rubuce take. Wanda ya saba da saƙon murya kaɗai, in bai iya karatu ba, sai ya taɓa da ka ko ya yi shiru.

Wa aka ƙidaya, wa aka bari?

Ga misali. A ɗauka wani gari yana da zaure mai mutum 120. An tambaya ko a saki gonaki mako mai zuwa. Mutum 60 suka amsa, 45 suka ce a saki. Sai wani ya tashi ya ce gari ya yarda, tun da uku cikin huɗu sun amince.

To, su wane ne gari? A cikin 45 ɗin nan akwai samarin da ke ci-rani, waɗanda ba su ga gona ba bana. Akwai masu amalanke da suka riga suka kwashe amfaninsu. Amma ba a ji ta bakin tsoho marar salula ba. Ba a ji talakan da yake jiran aron amalanke ba. Ba a ji mata ba, alhali kuwa gamanarsu ita ce ta ƙarshe wajen girbi, don gandu ake fara gamawa. Idan dabbobi suka shiga, waken mata ne zai fara tafiya.

Makiyayi ma ba a ji shi ba. Yana daji, inda rezo ba ya kamawa, kuma sau da yawa ba ya cikin zauren gari sam. Idan masu waya suka ce a ƙara wata biyu, shi ne zai tsaya da garke a kan burtali, ba ciyawa ba ruwa.

Ƙuri'a ba ta yi ƙarya ba. Ta faɗi ra'ayin waɗanda suka amsa. Kuskuren shi ne a ce ra'ayin gari ne duka.

Abin da ya faru a Amurka

Wannan kuskure ba na ƙauye kaɗai ba ne. Masu ilmi ma sun faɗa cikinsa. A 1936 ana shirin zaɓen shugaban ƙasa a Amurka. Wata babbar mujalla mai suna Literary Digest ta aika takardun tambaya miliyan 10. Mutum fiye da miliyan 2 suka amsa. Mujallar ta ƙidaya, ta ce Landon ne zai ci.

Da aka yi zaɓe, Ruzabelt ya ci jiha 46 cikin 48. Me ya jawo haka? Mujallar ta samo sunaye da yawa daga littafin masu tarho da na masu mota, wato masu hali. Kuma waɗanda suka ɗauki wahalar amsawa ba su yi daidai da waɗanda suka yi shiru ba. A shekarar nan wani mutum mai suna Galof ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai a kan na mujallar, amma ya neme su daga kowane irin jama'a, sai ya faɗi wanda zai ci daidai. A 1938 mujallar ta daina fita.

Ke nan yawan amsa ba shi ne ba. Abin dubawa shi ne ko an tambayi kowane ɓangare.

Yadda radiyo kulob suka yi

Tsofaffi suna tune da radiyo kulob. An kafa ƙungiyarsu a Nijar a 1962. Jama'a suna zama su saurari shiri tare, sa'an nan su tattauna. Jagoran kulob, wanda galibi mushen lakwal ne, yana ɗaukar muryoyin mutane da rakoda. A aika Yamai, a sa a radiyo, ƙasa duka ta ji.

Dabarar ta yi aiki domin jagoran shi ne yake zuwa wurin mutane. Bai jira sai wanda ya iya karatu ba. Mai riƙe da zauren WhatsApp yana iya yin haka. Salularsa tana ɗaukar murya fiye da rakodar da.

Ƙa'idodi bakwai ga mai riƙe da zaure

1. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. A rubuta ta da Hausa, a taƙaice.

2. Kada tambaya ta ja mutum zuwa amsa. Ba a cewa: "A bar dabbobi su cinye mana wake?" Cewa ake yi: "Ka gama kwashe amfanin gonarka?" Amsa kuma: na gama, saura mako ɗaya, saura mako biyu.

3. A rufe damar zaɓen amsa da yawa. Tun 2023 akwai wurin da ake taɓawa don kowa ya zaɓi amsa ɗaya tak.

4. A biyo tambayar da saƙon murya. A karanta ta duka, a ce amsa ta fari kaza, ta biyu kaza. Wanda ya amsa da murya a rubuta tasa a littafi.

5. A faɗi ranar rufewa tun farko, a ba da kwana uku ko huɗu. Wani sai ranar kasuwa yake samun caji da kuɗin waya. Mutum yana iya sauya amsarsa, saboda haka a ɗauki hoton sakamako a ranar rufewa.

6. A fita a nemi waɗanda ba su cikin zaure. A je rugga da mashaya. A je wurin matan asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991, don suna da ranar zamansu kowane mako.

7. A faɗi sakamako da gaskiya: mutum nawa ke zaure, nawa suka amsa, nawa aka tambaya baki da baki.

Akwai kuma maganar da ba ta dace da ƙuri'ar zaure ba. Zaɓen mai riƙe kuɗin bankin cimaka yana cikinta. Tun da kowa yana ganin zaɓin kowa, yaro ba zai saɓa wa baffansa ba, mai bashi ba zai saɓa wa wanda ke binsa ba. Haka nan ba a sa sunan mutum a ƙuri'a don a ce ya yi laifi ko bai yi ba. Wannan aikin maigari ne da alƙali.

Wa ke sa ranar sakin gonaki?

Zaure ba ya sa wannan rana. Hukuma ce take sa ta kowace shekara, bayan ta ji shawarar sarakuna da wakilan jama'a. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda ake kira kofo. A kofon gari akwai maigari da wakilan manoma da makiyaya da mata da samari. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin tafiya da dabbobinsu.

Wanda ya saki garke kafin ranar, don ya ga ƙuri'a a salula, zai biya ɓarna. Wanda ya hana shiga bayan ranar, don zaurensu ya ce a ƙara lokaci, shi ma ya saɓa doka. Jihar Maradi ta san abin da irin wannan rikici yake haifarwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda ta ƙasar Gidan Rumji, an rasa rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara.

Saboda haka, in zaure ya gama ƙuri'arsa, a rubuta sakamako a takarda, a haɗa da abin da aka ji a rugga da wurin mata, a kai wa maigari da kofo. Su ne za su kai gaba. Ranar da hukuma ta sa kuwa, a sanar da ita a zaure da murya, da Hausa da Fulatanci da Buzanci, a kuma yi shela a kasuwa da masallaci.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi. Allah ya sa a kwashe amfani lafiya, dabbobi su ci kara lafiya.