Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Likitan Gundumar Madarunfa

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka ne kan na'urar ɗame fata da ƴan matanmu ke kallon tallarta a TikTok. Na'urar tana harba sautin da kunne ba ya ji, ya shige ƙarƙashin fata ya gasa nama, don fuska ta ɗame. A Amurka hukuma ta amince da irin wannan na'ura mai suna Ultherapy a 2009, amma a hannun ƙwararru. A hannun wanda bai san inda jijiyoyin fuska suke ba, takan jawo ƙuna, kumburi, baƙin tabo, ko mutuwar jijiya har leɓe ya karkace na makonni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fatar matanmu da man bilicin ya riga ya cinye. Duba kuncin amaryar da ta shekara tana shafa mai: ja-wur, siriri, jijiyoyi a fili. Irin wannan fata za a ɗora wa zafi?

A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, kuma kayan Jibiya ta Najeriya ba sa wuyar tsallako iyaka zuwa Ɗan Isa.

Don Allah, ranka ya daɗe, a faɗakar ta rediyo da wajen awon ciki, a kuma binciki shagunan kwalliya tun kafin na'urar ta iso.

Naka,
Wani ɗan Madarunfa