Hatsin Kaka, Bikin Rani, Yunwar Damina

Duk wanda ya san hanyar Ɗanzomo zuwa Gumel, ko Gumel zuwa Maigatari, ya san yadda take cika daga watan Oktoba zuwa Disamba. Amalanke da babura da motocin ɗaukar kaya, kowanne ya yi lodin gero da riɗi da wake da zoɓo. Ranar Alhamis kuwa, da kasuwar Maigatari ke ci, har da awaki da tumaki ake jan su zuwa kara. Mai kallo daga nesa zai ce arziki ne ke tafiya kasuwa. Wani sashe arzikin ne. Amma ka tsayar da manomi goma ka tambaye su me ya kawo su sayar da hatsi a lokacin da ya fi kowane lokaci araha, za ka ji amsa ɗaya tana maimaita kanta: "Hidima ce ta taso." Yarinya za a kai ɗaki, ko yaro zai kai lefe, ko mai ɗaki ta kusa sauka.

Idan ana maganar rage kashe kuɗi a gida, mutanen birni sukan kawo zancen manyan kantuna da sauya mota. Wannan bai shafe mu ba sosai. A ƙasar Gumel, ƙofar da dukiyar gida ke zurarewa ita ce biki, kuma abin da ke fita ta wannan ƙofa abincin shekara ne.

Lissafin a bayyane yake. Da kaka kowa ya kawo hatsi kasuwa, farashi ya faɗi. Mai jari ya saya ya jibge a sito. Da bazara rumbun talaka ya yi ƙasa, kafin ruwa ya zauna ya koma awo, a watan Yuli da Agusta kuwa tiya ta yi tsadar da ba ta yi ba duk shekara. Geron da ya sayar da hannunsa shi zai dawo ya auna a hannun wani, a daidai lokacin da yake buƙatar kuɗin taki da na ƙwadago. Sai ya bar gonarsa ya tafi noman wani don ya samo na tuwon dare, gonar tasa ta yi ciyawa, amfanin baɗi ya ragu. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta bayyana wannan zagaye a littafinta na 1972 kan karkarar Hausa: talaka na sayarwa da kaka, mai hali na ajiyewa ya sayar daga baya. Fiye da shekara hamsin ke nan, zagayen bai tsinke ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne tsawon jerin kayan da ake sayar da hatsin dominsu.

A dubi lefe. Iyayenmu mata da turame kaɗan da kwalli da mayafi aka kawo su, suka zauna, suka haife mu. Yau sai an jera akwatuna, atamfa da leshi da shadda da takalma da jakunkuna da kayan shafa, a tara mata a buɗe a ƙirga, a ɗauka da waya a tura wa dangin da ke Kano. Saurayi ya yi rani biyu ko uku yana ci-rani a Legas ko Fatakwal yana tara kuɗin akwatin da rabin kayan cikinsa za su shekara ba a kai su wurin tela ba. Uban amarya kuma nasa nauyin ya fi: gado, katifa, kujeru, sif, labule, jeren kwanuka da kuloli da ba za a taɓa zuba musu abinci ba. Bayan nan ga gara, buhun shinkafa da katan na taliya da jarkar mai da alkaki da nakiya da dubulan. Kafin ya miƙe daga wannan, yarinya ta dawo wankan jego, wata garar ta taso. Ga anko, wanda kowace ƙawa da kowace gwaggo sai ta yi, ko da bashi. Ga kamu, ga wuni, ga mai kiɗa da injin janareto. A birni har an ƙirƙiro ranar ƙauyawa, 'yan mata su yi shigar ƙauye su ɗauki hoto da ƙwarya. Mu kuma ƙauyawan gaske muna sayar da geronmu don mu kwaikwayi bikinsu.

Kada a ɗauka ina cewa biki ne ya talauta Jigawa. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan talaucin 2019, kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen jihar nan suna ƙarƙashin ma'aunin talauci, Sakkwato da Taraba ne kawai suka ɗara mu. Anko bai jawo wannan ba. Ba matan ƙaramar hukumar Sule Tankarkar ne suka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ba, ba su ne suka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a can a Yulin 2023 ba, rufewar da ta kwantar da cinikin Maigatari har zuwa Maris na 2024. Ba kuma su suka kai hauhawar farashin abinci wajen kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 ba. Mai wa'azin da zai tsaya gaban mutumin da bai ci abincin rana ba ya ce masa ya rage almubazzaranci, bai yi adalci ba. Sai dai farashin mai da darajar naira ba a hannunmu suke ba. Yawan akwatin lefe kuwa a hannunmu yake, kuma mu muka ƙara shi a shekarun da komai ke ƙara tsada.

Maza sun iya ɗora laifin nan a kan mata, to bari mu taɓa su. Magidancin da ke faɗa a kan kuɗin anko, shi ne da dare zai zauna teburin mai shayi a soya masa ƙwai da indomi, ya biya ta wurin mai tsire, ya sa katin waya don kallon bidiyo har tsakar dare, alhali a gida an kaɗa miyar kuka babu nama. Ba ya ganin wannan a matsayin kashe kuɗi, don kaɗan-kaɗan yake fita. Ya tara na wata guda ya gani ko bai kai kuɗin turmin atamfar da yake ƙorafi a kai ba. Samari kuma ga sauya waya duk kaka, wasunsu har da cacar ƙwallo a cikinta. Matar da ake zargi, sau da yawa akuyarta ce ake kamawa a kai Maigatari idan yaro ya kwanta ciwo.

Me ya sa mutum mai hankali, wanda ya san lissafin nan sarai, yake sake faɗawa ciki kowace shekara? Ba don yana son kwanukan ba. Tsoron baki ne. "Kada a ce." Kada a ce 'yar wane an kai ta ɗaki babu kujeru. Kada dangin miji su yi mata gori, kada kishiya ta sami abin faɗa. Wannan tsoro ba na banza ba ne, domin gorin ana yin sa, kuma yarinyar ce ke kwana da shi. Uwar da ta ci bashi don ta cika ɗakin 'yarta tana saya mata mutunci ne a gidan da za ta shiga baƙuwa. Haka ma bikin da mata ke yi wa juna: abin da ƙawarki ta kawo miki ranar hidimarki, ke za ki ninka shi ranar tata. Asalinsa taimakon juna ne, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma ya zama bashin da ba a rubuta ba, wanda ba a isa a ce babu ba.

Shi ya sa nasihar da ake yi wa talaka shi kaɗai ba ta aiki. Idan talaka ya rage, sai a ce babu ce ta sa. Idan mai hali ya rage, sai a ce Alhaji ya bi sunna. Ragin nan daga sama zai fara, daga gidan da kowa ya san yana da abin yi, ya ƙi yi. Ranar da babban dillalin shanu a Maigatari, ko ɗan kasuwar riɗi a Gumel, ko dagaci, ko kansila, ya aurar da 'yarsa da akwati ɗaya, ya hana anko, ya mayar da kuɗin gara jari ko tumaki a hannun yarinyar, ranar ce maƙwabcinsa mai gona ɗaya zai sami inuwar fakewa.

Akwai masu ganin doka ce magani. Jihar Sakkwato ta yi dokar taƙaita kashe kuɗi a bukukuwan aure da suna a 2023. Niyya ce mai kyau, amma ba na sa rai da yawa a kanta, domin ɗan doka ba ya shiga ɗakin da mata ke buɗe akwati, kuma abin da aka hana da rana ana iya kai shi da dare. Kano ta bi wata hanyar: a watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mata 1,800 ta hannun Hisba, ta biya sadaki ta sayi gado da katifa. An taimaki waɗanda aka taimaka. Amma in har sai gwamnati ta sayi gado kafin 'ya'yan talakawa su yi aure, to al'adar ta fi ƙarfin masu ita.

Addini kuwa bai ɗora mana ko ɗaya daga cikin wannan ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Madina, walimar da aka umarce shi da ita ko da akuya guda ta wadatar. Limamanmu sun san wannan, suna kuma faɗa. Abin da ya rage shi ne su faɗe shi a watan Satumba, kafin a fara yankan gero, ba ranar ɗaurin aure ba bayan an riga an sayar da buhunan. Su kuma faɗa wa iyayen ango, domin daga bakinsu gori ke fitowa.

Ba ina kiran kowa ya zama mai ɓoye hatsi don riba ba. Waɗanda suka jibge kaya suna jiran tsada sun sha kashi a 2025 da farashi ya karye. Maganata a kan abin ci ce. Kafin buhu ɗaya ya fita daga gida, magidanci ya zauna da matarsa, ita da ta san tiya nawa ake dakawa a yini, su ƙirga damin da zai kai su sabon gero, su ƙara na iri da na zakka, su rufe rumbun. Riɗi da zoɓo da wake, waɗanda dama don kuɗi aka noma su, su ne za a yi hidima da su, iya inda suka kai. In sun sayi gado ba su kai kujeru ba, a kai yarinya da gado, kujerun su jira kakar baɗi.