Ra'ayinmu: Kafin a ce a yi aiki ko kada a yi

Daga Kegue zuwa Agoe-Zango, har kasuwannin iyaka na Aflawo da Sinkase, akwai cutar da dattawanmu ba sa faɗin sunanta. Sai dai a ce Alhaji na fama da fitsari. Sau da yawa kumburin furostat ne, wato 'yar tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda tsufa ke kawowa. Wani lokaci kuwa ciwon daji ne. Gwajin jini na PSA shi kaɗai ba ya raba gardama, sai an tsakuri naman an auna.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da likita a asibitin Silbanus Olimpiyo na Lome ya ce daji ne, ya kawo maganar aiki. Wasu daga ranar ba a sake ganinsu. Sai su kama yawon neman magani, yau Kotonu, gobe Kumasi, jibi wajen mai saiwa, har ciwon ya kai ga ƙashi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tsoron rasa mazakuta.

Ba za mu ce tsoron na banza ba ne. Cire furostat kan jawo raunin gaba ga maza da yawa, wasu kan yi yoyon fitsari na watanni, kuma maniyyi ba ya sake fita, ke nan haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare. Mai amarya dole ya ji wannan tun kafin a shiga da shi.

Amma aiki ba shi kaɗai ne mafita ba. A Birtaniya an bi maza 1,643 da aka gano ciwonsu bai bazu ba, aka raba su uku: aiki, gashi da na'ura, da sa ido ana aunawa. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna bayan shekara 15 kusan 97 cikin 100 ciwon bai kashe su ba, kowace hanya suka bi, ko da yake ya fi bazuwa a cikin waɗanda aka sa wa ido kawai. Nelson Mandela gashi aka yi masa a 2001, ya rayu har 2013. Sai dai a lura, waɗancan da wuri aka gano nasu, kuma galibinsu Turawa ne. Ciwon ya fi kama baƙar fata, mu kuwa ba ma zuwa sai fitsari ya tsaya. Sa ido kuma ba zaman gida ba ne. Ɗan kasuwar da ke wata uku a hanyar Yamai ya tambayi kansa ko zai iya cika ranakun awo.

Saboda haka muke kira ga duk wanda aka ba wannan labari ya tsaya ya yi ciniki da likita yadda yake yi kan buhun goro. Ciwon ya fita daga furostat ko bai fita ba? Mai saurin girma ne ko mai jan ƙafa? Idan ya riga ya bazu, cire shi ba ya warkarwa, magani ya koma na rage sinadarin namiji da allura ko cire 'ya'yan maraina, wanda aiki ne dabam da mutane ke rikitawa da na farko. A tambayi likitan sau nawa ya yi irin aikin, da kuɗinsa gaba ɗaya, da makonnin da za a yi ba ɗaukar kaya. Neman ra'ayin likita na biyu, ko a Korle Bu ta Akara inda ake gashi, ba raini ba ne, amma a tafi da takardun awo duka. A kuma je da uwargida, don abin ya shafe ta.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Zango su ware wa marasa Faransanci tafinta namiji mai riƙon amana, tunda babu dattijon da zai yi wannan tambaya ta bakin 'yarsa.