Kimiyya da Lafiya: Makunnan da ke Cikin Hanta

Ƙwayoyin halittar jikin mutum duk umarnin gado ɗaya suke ɗauke da shi, amma hanta kaɗai ke aikin hanta. Asirin yana ga waɗansu guntayen umarnin masu aiki kamar makunnin fitila, waɗanda masana suka gano a 1981. Sinadaran hanta ne ke kunna nata.

Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana da irin waɗannan makunnai guda 2, kuma sinadaran hanta na kunna su, shi ya sa take hayayyafa a can. Jarirai 9 cikin 10 da suka kamu ba sa rabuwa da ita. Saboda haka jaririn da aka haifa a Zonkwa, ko da a gida ne, a kai shi asibiti allurar rigakafi cikin awa 24.