Jadawalin karatu da makomar ɗalibai a kudancin Jigawa

A watan azumin shekarar 2025, gwamnatocin jihohin Bauchi da Kano da Katsina da Kebbi sun rufe makarantu na tsawon makonni, matakin da ya janyo muhawara ganin cewa jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ta kusa. Tun a farkon 2022 kuma jihar Kaduna ta mayar da karatu a makarantun gwamnati kwana huɗu a mako.

Muhawarar ta fi karkata ne kan yawan kwanakin karatu. Sai dai a Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin jihar Jigawa, lokacin da ake yin karatun ma yana da nasa tasirin.

Ɗalibin makarantar kwana, kamar Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu inda Alhaji Aliko Dangote ya yi karatun sakandare, yana da lokacin bita da yamma da kuma dare. Ɗalibin jeka-ka-dawo na ƙauye kuwa yakan yi tafiya mai nisa kafin ya iso, ta yadda sau da yawa darasin farko kan wuce shi. Idan lissafi ne aka sanya a wannan lokaci, asarar na da girma, domin samun gurbi a yawancin kwasa-kwasan jami'a na buƙatar kiredit biyar, ciki har da lissafi da Turanci.

Akwai kuma batun yanayi. A watan Afrilu, lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke bita, zafin rana kan hana ɗalibai natsuwa da zarar hantsi ya wuce. Jarrabawar NECO kuwa takan zo ne cikin damina, daidai lokacin da iyaye manoma ke buƙatar 'ya'yansu a gona. Da yamma kuma ga makarantar Islamiyya.

A jihar Kaliforniya ta Amurka, tun 2022 doka ta hana manyan sakandaren gwamnati fara darasi kafin ƙarfe takwas da rabi, domin matasa su samu isasshen barci. A Jigawa, jinkirta karatu zai tura darussa ne cikin tsananin zafi.

Gyara jadawali dai ba ya cin kuɗi kamar gina ajujuwa ko ɗaukar malamai. Abin jira a gani shi ne ko hukumomin ilimi a Dutse za su bai wa shugabannin makarantu damar tsara shi daidai da halin da ɗalibansu ke ciki.