Kwatan ledar ruwa ya isa ya kashe injin tifa

 Wannan makon gareji za mu shiga, amma ku riƙo littafin Fiziks ɗinku, zai yi amfani.

A hutun daminar bara na zauna wajen kawuna, mai tifa ɗaya tilo da yake ɗibar yashi da ita. Wata ranar Agusta aka kwana ana ruwa. Da safe direbansa ya iso wani kwari inda ruwa ya shafe kwalbati, ya duba ya ga bai kai saman taya ba, ya taka totur ya afka. Suna tsakiya injin ya yi wata irin ƙara ya ɗauke. Direba ya murɗa makulli, shiru. Ya sake murɗawa. Wata biyu motar nan ta yi a gareji, kuma kuɗin makarantar 'ya'yan kawu uku daga bayanta yake fitowa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne bututun da motar ke shaƙar iska da shi yana can sama a bayan kan mota, ya fi tsayin mutum. To ta ina ruwan ya bi?

Kafin amsa, ku gwada wani abu a gida. Ku samo sabon sirinji marar allura, ku ja iska, ku toshe bakin da yatsa, ku danna. Zai shige har kusan ƙarshe, don iska tana matsuwa. Wannan ita ce dokar Boyle da malam ya sa muka haddace. Yanzu ku cika shi da ruwa ku sake dannawa. Ko gezau ba zai yi ba.

Injin dizal sirinji ne babba. Fistin yana sauka ya zuƙo iska cikin silinda, ya hau ya matse ta har ta yi zafin da man da nozul ya fesa zai kama da kansa, ba sai da fulogi ba. Mu ɗauki inji mai lita 12 da silinda 6, wato lita 2 kowace silinda. Idan yana matse iska sau 17, filin da ya rage a saman fistin idan ya kai ƙarshe mililita 125 ne kacal. Ledar ruwan da muke sha a makaranta mililita 500 ce. Ke nan kwatanta ya isa ya cika filin nan taf. Fistin ya taho da ƙarfin sauran silinda biyar, ya tarar da ruwa, ruwa ya ƙi matsuwa. Dole wani abu ya ba da kai, kuma yawanci sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin ce, wadda kanikawa ke kira konrod. Na ga ta motar kawu da idona, ta lanƙwashe kamar ayaba.

Ku ƙara da wannan: injin nan idan yana juyi 1,500 a minti, yana zuƙar iska lita 9,000 a minti ɗaya, tun kafin a yi maganar tobo. Abin da ke zuƙa haka, duk 'yar kafar da ya samu zai ja ruwa ta nan.

Kafar kuwa ta samu. Kan babbar mota ana kifa shi gaba idan za a yi gyara, shi ya sa bututun sama da akwatin matatar iska, eya-kilina, ba a haɗe suke da ƙarfe ba, wata roba ce mai lanƙwasa ke haɗa su. Akwatin kuma a ƙasa yake, kusa da taya. Robar motar kawu ta tsage tun rani, aka ɗaure ta da tsohon tib na babur aka ce za a saya. Da direba ya shiga da gudu, gaban mota ya turo ruwa ya yi tudu, ya kai wajen tsagar. Tsayin bututun bai amfana komai ba.

Ni a ganina laifin kawu ya fi na direba, ko da yake ban faɗa masa ba. Kuɗin robar bai kai na man yini ɗaya ba.

Bakaniken da ya yi aikin ya nuna min wani ƙaramin abu da ban taɓa lura da shi ba. A gindin akwatin matatar akwai wata 'yar roba mai kama da bakin agwagwa. Aikinta ta zubar da ƙura da ɗigon ruwan saman da ya shigo, sannan ta rufe kanta idan inji na zuƙa. Idan laka ta toshe ta, ruwa ya taru a akwatin. Idan ta faɗi, ta bar rami a buɗe. Matsa ta da yatsa biyu kowace safiya ya isa. Ya ce kuma a duba hular da ke saman bututun, a ɗaure kilif ɗin kowane tiyo, a rufe bakin bututun da leda idan za a wanke mota, a tuna a cire. Ita matatar takarda ce, ba a wanke ta da ruwa. Idan ta jiƙe sai ta hana iska wucewa, mota ta rasa ƙarfi tana baƙin hayaƙi, wani lokaci ta yage ta bar ƙasa ta shiga inji.

Game da ƙetare ruwa, direbobin da suka daɗe a hanya sukan tsaya su ga wata motar ta wuce, ko yaron mota ya auna da sanda in ruwan ba mai gudu ba ne. Ruwa mai gudu ba a shigarsa ko da ƙafa. Sai a sa giya ta ƙasa, a tafi a hankali ba tsayawa, a kuma jira mai tahowa ya fita tukuna don kada igiyar ruwansa ta hau kanka.

In kuma inji ya mutu a cikin ruwa, a cire hannu daga makulli. Bakaniken ya ce mai yiwuwa murɗawar nan ta biyu ce ta ƙarasa konrod ɗin. Abin yi shi ne a jawo motar waje, a buɗe akwatin matata, a zubar da ruwan cikin bututai, a cire nozul, a juya injin da hannu ruwan ya fita. A duba baƙin mai, in ya koma kalar shayi da madara a canza shi.

Kada ku ce ba ku da tifa. Babur ɗin yayanku da Keken da ke kai ku makaranta duk haka suke shaƙa, kuma bakinsu ya fi kusa da ƙasa. Ga aikin gida: babur mai silinda ɗaya ta mililita 100, yana matse iska sau 9. Mililita nawa na ruwa zai cika saman fistin ɗinsa? Cokali nawa ke nan? Ku turo amsa, mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo ta.