Dala miliyan ɗaya da rabi, suka ce a kai kasuwa

Akwai wani labari da ya fito ranar 27 ga Oktoba, 2025 wanda tun da na karanta shi ya ƙi barin raina, kuma na lura mutanenmu masu harkar kwamfuta ba su cika tattauna shi ba, alhali ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Gidauniyar Python, wadda ake kira PSF a taƙaice, ta sanar da cewa ta janye neman tallafin dala miliyan 1.5 daga hukumar kimiyya ta gwamnatin Amurka, wato NSF. Ba hana su aka yi ba fa. An duba takardunsu, an amince sun cancanta, saura su sa hannu a kan sharuɗɗa kawai. A kuɗinmu na lokacin ya haura naira biliyan 2. Suka karanta sharuɗɗan, kwamitin gudanarwarsu ya zauna, babu mutum ɗaya da ya ce a karɓa.

Ga wanda ba ɗan harka ba: Python yaren rubuta manhaja ne da wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Kyauta ne, kuma tushensa a buɗe yake, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya yi amfani da shi ba tare da ya biya ko kwabo ba. Yawancin yaranmu da ke koyon nazarin bayanai ko ƙirƙirarriyar basira da shi suke farawa. Ita kuma gidauniyar an kafa ta a 2001 don ta riƙa kula da yaren, da taron shekara-shekara na PyCon a Amurka, da kuma wani katafaren rumbu mai suna PyPI. Duk wanda ya taɓa rubuta pip install a kwamfutarsa, daga wannan rumbun ya ɗebo kaya, ko ya sani ko bai sani ba. Akwai ƙunshin manhajoji sama da rabin miliyan a ciki.

To kuɗin da suka nema, na gadin wannan rumbu ne. Ɓarayin intanet kan ɗora gurɓataccen kaya a PyPI, wani lokacin da suna mai kama da na wata sananniyar manhaja, harafi ɗaya kawai za su sauya. Ka yi kuskuren rubutu, ka sauke ɓarawo cikin kwamfutarka da hannunka. Yadda ake yi yanzu, galibi sai wani ya gano ya kai rahoto sannan a cire. Abin da Seth Larson, mai kula da tsaron manhaja a gidauniyar, da abokan aikinsa suka tsara shi ne a gina na'urar bincike da za ta riƙa tantance kaya tun ana ɗora su, kafin su cuci kowa. Aiki ne mai amfani ƙwarai, babu musu.

Sai ga sharaɗi. An ce sai gidauniyar ta tabbatar ba ta gudanar da wani shiri na abin da Amurkawa ke kira DEI, kuma ba za ta gudanar ba muddin tallafin na tafiya. DEI ɗin nan shi ne shirye-shiryen jawo waɗanda aka saba bari a baya, kamar mata da baƙar fata da sauransu, a dama da su. Tun da Trump ya dawo mulki a Janairun 2025 gwamnatinsa ta sa ƙafar wando ɗaya da shi.

Na san akwai waɗanda da sun ji kalmar za su ce ai rigimar Amurkawa ce, ina ruwanmu, har ma akwai abubuwan da ake cusawa a ƙarƙashinta da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Wani abokina haka ya ce mini jiya, ya ƙara da cewa wauta ce a bar tsaron miliyoyin mutane saboda siyasa. Ban raina maganarsa ba. Amma ni abin da ya tsaya mini ba kalmar ba ce, abubuwa biyu ne da aka ɗaura mata.

Sharaɗin bai tsaya a kan aikin tsaron da za a biya ba, ya haɗa duk wani abu da gidauniyar ke yi. Wato ka karɓi kuɗin gyaran ƙofar gida, mai kuɗin ya ce daga yau shi zai faɗi wanda za ka gayyata suna da biki. Sannan, wanda ya fi muni, idan wata rana hukumar ta ga kamar an saɓa, tana da ikon ta ce a dawo da kuɗin har wanda aka riga aka kashe. Ku duba fa: a 2025 gidauniyar nan kasafinta na shekara bai wuce kusan dala miliyan 5 ba, ma'aikatanta 14. A ce ta ɗauki mutane, ta biya albashi shekara ɗaya da rabi, sai wani jami'i a Washinton ya ga an biya wa wata yarinya daga Ghana kuɗin jirgi zuwa taro, ya ce wannan DEI ne, a kawo kuɗinmu. Daga ina za su fito? Wannan ba tallafi ba ne, bashi ne da ba ka san ranar da mai shi zai ƙwanƙwasa ƙofa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, su kuwa sun duba askin sun ga har da wuya za a yanka.

Kuma a rubuce yake cikin manufar gidauniyar cewa aikinta ya haɗa da raya al'ummar masu Python daga kowane jinsi da kowace ƙasa. Su wa kuke jin ake nufi da “kowace ƙasa”? Mu ne, malam. Taron PyCon na Najeriya da aka fara a Legas a 2017, da na Afirka da aka fara a Accra a 2019, da ƙananan bitocin koyar da mata da ake yi a garuruwa daban-daban, da yawa irinsu da ɗan tallafin gidauniyar nan ake haɗawa a kama ɗakin taro, a sayi data, a ciyar da mahalarta. Idan aka sa hannu a waccan takardar, lauyansu zai fara duban kowane irin wannan tallafi da idon tsoro. Wanda za a fara yankewa ba ɗan Kalifoniya ba ne.

Ba wai ina cewa mala'iku ne ba. A ƙarshen 2023 masu shirya tarukan Python na Afirka sai da suka rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa saboda jan ƙafar da aka yi a kan tallafin taron DjangoCon Africa na Zanzibar. Abin ya yi zafi, gidauniyar ta amsa, ta sake duba tsarin bayar da tallafinta. Abin lura a nan shi ne an yi musu tsawa daga ƙasa kuma sun ji. Da wuyansu na ɗaure da igiyar wata gwamnati, wasiƙa ɗari ba za ta motsa su ba.

Inda abokina yake da gaskiya shi ne an yi asara, kuma ta gaske. Na'urar tantancewar nan ba za ta gina kanta ba. Gidauniyar ma a lokacin ba a cikin yalwa take ba: a watan Agustan 2025 ta dakatar da shirin bayar da tallafin taruka saboda kuɗin da aka ware sun ƙare, ga tsadar shirya PyCon, ga masu ɗaukar nauyi suna ja da baya. Mai yunwa ne ya ture akushi. Shi ya sa abin ya burge ni, shi ya sa kuma yake ba ni tsoro. Manyan kamfanonin da ke samun biliyoyi da Python, irin su Google da Meta da Microsoft, wasu suna bayarwa, gaskiya ne, amma in ka auna da abin da suke ɗiba, ai ko cikin cokali bai kai ba. Abin kunya ne a ce tsaron rumbun da duniya ke ci daga ciki ya rataya a kan ko wata gwamnati ta ga dama.

Mu ma sai mu dubi kanmu kaɗan. Mun iya tafi da yabo, amma da aka dakatar da tallafin nan a Agusta, taruka nawa ne a wajenmu za su iya tsayawa da ƙafarsu? Muna da kamfanonin fasaha, muna da jami'o'i masu sashen kwamfuta, muna da 'yan kasuwar da ke kashe miliyoyi a biki ɗaya. Ɗakin taro na yini guda da shinkafar mutum 50 bai kamata sai an cike fom an aika Amurka ba.

Sannan akwai abin da da yawa ba su sani ba. Zama mamba mai ƙuri'a a gidauniyar ba lallai sai da dala ba. Akwai masu biyan dala 99 a shekara, da rangwame ga wanda bai da hali, amma akwai kuma rukunin masu bayar da lokaci: in kana sa aƙalla awa 5 a wata a aikin sa-kai na Python, ko shirya taro ne, ko gyaran wata buɗaɗɗiyar manhaja, kana iya yin rajista kyauta ka yi zaɓe. Ta wannan ƙuri'ar Marlene Mhangami 'yar Zimbabuwe ta zauna a kwamitin gudanarwa, ta nan kuma Abigail Dogbe 'yar Ghana ta shiga a zaɓen 2025. Kwamitin da ya ce a'a ga dala miliyan 1.5 mambobi ne suka zaɓe shi. Na san mutum aƙalla goma a cikin abokaina a nan da suke koyar da yara Python kyauta duk ƙarshen mako, kuma na tabbata babu ko ɗaya da ya yi rajistar. Ni ma sai daren jiya na buɗe fom ɗin.